Cokali Biyu Kafin Mu Fita

Makarantu uku suka mayar mana da Ɗigo kafin a sa ni cikin maganar. Ta farko ta ce babu gurbi. Ta biyu ta ce a dawo baɗi. A ta uku mai gadi aka sa ya raka su har bakin titi.

Ɗigo 'yar yayata ce. Shekararta shida da rabi. Sunan ya bi ta tun ranar da aka haife ta, saboda ƙanƙanta. Kalmominta ba su kai ashirin ba, na taɓa ƙirgawa. "Ruwa." "A'a." "Kau," wato ni, kawunta. Ba ta kallon idon mutum. Idan ƙara ta yi mata yawa sai ta toshe kunne ta ƙwala ihu, ko ta ruga duk inda fuskarta ta kalla. Akwai takardar likita a kanta, shafi biyu. Yaya ba ta nuna wa kowa.

Babanta direban babbar mota ne, sati uku a hanya, kwana huɗu a gida. Duk lokacin da aka yi masa maganar a waya amsarsa ɗaya ce: "Ni ma sai da na shekara biyar na yi magana." Ni dai tun da na san shi ban ji ya faɗi abin da ya cancanci wannan jiran ba.

Ni kafinta ne. Da na gama sakandare na shiga shagon maigidana, ƙofofi da bencuna muke yi. A gidan Yaya nake kwana, ɗakin bakin ƙofa. Saboda haka da ta samo makaranta ta huɗu, ni ta ce in raka su.

"Ka sa riga mai kyau. Kuma don Allah, Auta, ka saki fuskar nan. Ba gaisuwar mutuwa za mu ba."

Ranar Litinin ce. Bas muka shiga. Ɗigo ta tsani bas, ta tsani hon, ta tsani yadda kwandasta ke dukan jikin mota. Ran nan kuwa kanta ta ɗora a kafaɗata, da nauyi, baki a ɗan buɗe. Direba ya danna hon har sau uku, ko motsi ba ta yi ba. Na kalli Yaya.

"Jiya ba ta yi barci sosai ba," in ji ta.

Ban tambaye ta ba.

Makarantar tana da katanga mai fenti, an zana giwa da jirgin sama. Ofishin mai makarantar akwai sanyi, akwai ƙamshi. Mutum ne mai kwat da zobe, haƙoransa a waje tun kafin mu zauna.

"Madam, kin zo gida. Irin waɗannan yaran namu ne. Mun saba da su."

Yaya ta zaunar da Ɗigo a kujera, ta gyara mata ɗankwali. Ɗigo ta zauna kamar an ajiye matashin kai.

"Dubi natsuwa!" ya ce. "Wannan ai ta fi rabin waɗanda ake ce wa lafiyayyu. Cikin zango ɗaya za ki ji tana karanta miki haruffa."

Yaya ta yi dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Ya miƙo fom. Bai tambayi me ke damun yarinyar ba, bai tambayi me take tsoro ba. Sunanta ma a fom ya gani, bai kira ba. Na bi zobensa da kallo.

Sai ya zagaya da mu. Azuzuwa tsaf, yara sun miƙe sun gaishe mu da murya ɗaya. A ƙarshen baranda ya tsaya gaban wata ƙofa shuɗiya, ya ce ga abin alfaharinsu, ɗaki na musamman. Kafet mai laushi, ƙwallaye masu launi, akwatin kayan wasa da ledarsa ba a gama cirewa ba. Taga ɗaya, can sama. Babu yaro ko ɗaya a ciki.

"Ina yaran?" na ce.

"Suna cikin 'yan'uwansu a aji. Nan wurin hutawa ne, idan ɗayansu ya gaji."

Ni idona ba ya shiga ɗaki sai ya tsaya a ƙofa tukuna. Aiki ne ya mayar da ni haka. Sakata tana waje, a sama, inda hannun babba kaɗai zai kai. Ta ciki babu mariƙi. An cire shi, an cike ramukan, an bi da fenti. Na durƙusa na shafa ƙasan ƙofar ta ciki. Fentin wurin sabo ne, ya fi na sama duhu. A ƙarƙashinsa katakon ya lotsa, lotsi a kan lotsi, daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwata.

"Ranka ya daɗe, me ya sa sakatar take waje?"

Murmushin bai sauka ba.

"Sito ne da, ɗan samari. Ba mu kai ga cirewa ba."

"Sakatar sabuwa ce. Ko tsatsa babu."

"Kana da ido," ya ce, yana kallon Yaya, ba ni ba.

"Kayan siton ne suke harbin ƙofa daga ciki?"

Yaya ta mintsine ni a gadon baya, inda ba zai gani ba.

Na san wannan lotsin. Bara, bayan Ɗigo ta fice titi har mai babur ya kusa kwashe ta, Yaya ta sa na kafa irin wannan sakatar a ƙofar ɗakinsu, don ta samu ta yi girki. Ni na kafa da hannuna. Kwana tara ta yi. A na goma na cire ta, na zauna da sanfefa ina goge abin da dugadugan yarinyar suka yi wa katako. Ba mu sake yin maganar ba.

Mai makarantar ya ce Litinin mai zuwa a kawo ta, kujerarta na jira. Ya shafa kan Ɗigo. Ta bar shi ya shafa. Ni kaina, da na goya ta tana jaririya, sai na nemi izini kafin in taɓa mata kai.

A bakin titi Yaya ta sauke min.

"Makaranta huɗu! Ita kaɗai ta ce a kawo ta, kai kuma ka tsaya kana yi wa ƙofa tambayoyi kamar ɗan sanda."

"Bai tambayi komai ba."

"To sai me? Waɗanda suka yi tambayar me suka tsinana mana?"

"Yaya, kin ga ƙofar."

"Ban gani ba. Ni uwa ce, ba kafinta ba. Kai komai zargi. Ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa gindin kofi."

Na saɓa Ɗigo a kafaɗa. Miyanta ya jiƙa min riga mai kyau ɗin.

Da rana na koma shago. Maigidana yana yanka katako, fensir a kunne. Ya kalle ni sau ɗaya.

"Wa ya mutu?"

Na gaya masa a taƙaice. Ya busa garin katako daga kan layinsa.

"Akwai wata malama a bayan layin masu walda. Na yi mata kujeru bara. Matar ta fi ka fitina. Kujera talatin da biyu, ta sa na yanka tsohuwar taya na liƙa a ƙafar kowace, wai akwai yaron da ba ya jure ƙarar jan kujera. Saboda yaro ɗaya! Na ce mata Malama, ki toshe masa kunne da auduga mana, ya fi sauƙi. Kallon da ta yi min, sai da na ji kamar ban yi aikin gida ba."

"'Yar'uwarka ce?"

"Wa?"

"Malamar."

"Ka gani? Shi ya sa ba ka da abokai. Riƙe min can."

Kwana biyu na yi ina bin Yaya kafin ta yarda, shi ma don in rufe mata baki ne. Laraba muka je. Tafiyar ƙafa ce, minti ashirin, amma ɗaukar Ɗigo na yi tun daga ƙofar gida, don ƙafafunta sun ƙi tsayawa.

"Yau ma ba ta yi barci ba?" na ce.

"Ka ji ka ko."

Makarantar aji huɗu ce da fili ɗan ƙarami. Katanga ba fenti. Hayaniya tun daga waje. Kafin kowa ya kula da mu na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Babu sakata a waje. Ta aji ɗaya ma ba ta rufuwa, ta sauka tana jan ƙasa.

"Malam, mai duba gini ne kai?"

Gajeriyar mace ce, ta manyanta, alli a gefen mayafinta. Babu murmushi.

"Wa ya rataya wannan ƙofar?" na ce.

"Idan kai ne yaron da aka ce zai zo, maigidanka ne. Ka kai masa gaisuwata."

Ba ta da ofis. A bayan aji ta ba mu benci, yara suna waje wasa. Ta fara tambaya. Me yarinyar take ci, me take ƙi. Tana faɗa idan za ta zaga? Wane sauti ne ya fi tayar mata da hankali? Idan ta fara ihu me ke kwantar da ita? Yaya tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya, duk ƙarya. Lafiya lau. Ba ta da matsala. Kunya ce kawai.

Ni kuma ina jiran inda za a bi a ce babu gurbi. Na ɗauka wannan hanyarta ce ta kora, mai tsawo.

Malama ta ajiye biro. Ta durƙusa gaban Ɗigo, ba kusa sosai ba. Ta leƙa idonta. Ta ɗaga hannun yarinyar da yatsa biyu, ta saki. Hannun ya faɗi a cinya kamar tsumma. Ta ɗauko kwano na ƙarfe daga kan tebur ta sake shi a ƙasa. Ƙarar ta cika ajin, ni kaina sai da na zabura. Ɗigo ta ɗaga fatar ido, ta mayar.

"Me aka ba ta?"

Raina ya ɓaci.

"Malama, idan ba za ki ɗauke ta ba ki faɗa. Ba sai kin yi mana ƙazafi ba. Me za a ba ta? Barci ne ba ta…"

Na juya don Yaya ta kama min. Yaya tana kallon takalminta. Hannunta ya damƙe bakin jaka har jijiyoyi sun fito.



Malama ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Maman yarinya, ba ke ce ta farko ba, kada ki ce na raina ki. Amma a yadda take yanzu, wannan ba 'yarki ba ce. Ban san wadda zan ɗauka ba, ban san wadda zan ƙi ba. Ku je ta wartsake. Idan kuna so, gobe ku kawo min ita."

Muka koma gida. Na kwantar da Ɗigo a katifa, na cire mata takalmi. Na shiga kicin. Ban sha wahala ba. A saman kantar kicin, bayan filas, kwalbar maganin mura ce na ruwa, irin mai sa barci. Ya sauka ƙasa da rabi. Babu mai mura a gidan tun damina.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa.

"Cokali biyu ne kawai," ta ce.

"Wa ya ce miki?"

"Wata mata, a layin asibiti. Ta ce haka ta yi wa nata aka ɗauke shi."

"Cokali huɗu ba sa cin rabin kwalba."

"Na gwada tukuna. In ga nawa zai isa."

"Sau nawa?"

"Ba ka isa ka tsare ni ba, Auta. Ni na wanke maka kashi."

"Sau nawa, Yaya?"

Ta zauna a kan turmi. Ta ce ban je makaranta ta uku ba, shi ya sa nake da baki. Ta ce Ɗigo ta ja ƙyallen teburin shugaba, shayi ya malale a kan takardu, ta shige bayan kabad tana ihu sai da aka ja ta da ƙafa. Iyaye mata suna zaune a layi suna kallo.

"Wata ta janye ɗanta ta mayar bayanta. Kamar na shigo da kare. Kai ina kake? Kana shago kana shafa katako. Ubanta yana hanya yana ba ni tarihin yarintarsa. Ni nake tsayawa a kalle ni."

Gaskiya ce.

"So nake ta sa kayan makaranta, ta rataya jaka, ta fita da safe kamar 'ya'yan mutane. Shi ke nan. An ce a kawo ta Litinin."

"To Litinin ɗin cokali nawa? Talata fa?"

"Idan suka saba da ita…"

"Da wa za su saba? Ba ita suka gani ba. Ranar da suka gan ta, kin san ɗakin da za a kai ta. Ke kuma kina gida kina ɗinki, kina cewa tana koyon haruffa. Ba za ta iya gaya miki ba."

Ta kawar da kai. Na sa kwalbar a aljihu.

"Kemis bai ƙaura ba," ta ce.

"Na sani."

Washegari ban je shago ba. Na zauna a tsakar gida ina bin hannun Yaya da ido, daga kofi zuwa cokali, daga cokali zuwa bakin yarinyar. Ta lura.

"Zo ka ɗanɗana mana, mai gadin sarauniya."

Na ɗanɗana. Shayi ne. Duk da haka da za mu fita na durƙusa na kai hancina bakin Ɗigo. Ta kwaɗa min mari a kunne.

"A'a!"

Ban taɓa jin daɗin mari ba sai ran nan.

Da ƙafarta ta tafi, a kan yatsu, tana taɓa kowane turken lantarki. Wanda muka wuce ba ta taɓa ba sai da muka koma. A layin masu walda ta toshe kunne, na rufe ta da rigata muka ratsa da sauri. Minti ashirin ta zama arba'in.

Malama ba ta gaishe ta ba, ba ta ma kalle ta ba. Yara suna waje, ajin babu kowa. Ta ajiye tire a ƙasa cike da murafan kwalba, ta koma tebur tana duba littattafai. Mu ta nuna mana benci da haɓa.

Ɗigo ta zagaya ajin tana bin bango da kafaɗa. Ta ja kujera, ba ta yi ƙara ba, ta sake ja, ta leƙa ƙafarta. Sai ta zauna gaban tiren. Ta fara jera murafan, jajaye a layi ɗaya, koraye a layi ɗaya. Malama ta turo wani ja da ƙafarta, ba tare da ta ɗago ba. Ɗigo ta dube shi, ta ɗauka, ta sa a layinsa. Na ji Yaya ta saki numfashi.

Na ga Malama ta duba agogon hannunta. Ta kalli taga.

Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen taya ne rataye a bishiya, daf da tagar ajin. Aka doka shi.

Ɗigo ta watsa tiren. Ihun ya fito, irin wanda maƙwabta suka sani. Ta nufi ƙofa a guje. Kafin in miƙe Malama tana bakin ƙofar, ta tsaya a ciki, hannuwa a sake, ba ta kama ta ba. Ɗigo ta daki cikinta da kai. Ta kama damtsenta ta gantsara mata cizo.

"Wayyo, Malama, ki yi haƙuri! Ɗigo, saki!" Yaya ta yi kanta.

"Ku zauna," in ji Malama. Muryarta ba ta tashi ba. "Kawu, ɗaga ƙyallen teburin nan."

Na ɗaga. A ƙarƙashin teburin akwai tabarma ƙarama, da duhu. Ɗigo ta gani. Ta saki hannun, ta rarrafa ta shige. Na sauke ƙyallen. Ihun ya ci gaba a ciki, sai ya koma gurnani.

Yara suka fara shigowa, talatin da wani abu. Suka kalli murafan da suka watse, suka kalli teburin da ke gurnani. Wani mai na'urar ji a kunne ya ce, "Malama, sabuwa ce?"

"Baƙuwa ce. Ku tsince murafan, ku buɗe shafi na tara."

Suka tsince. Babu wanda ya leƙa.

Ta bar su da mataimakiyarta, ta fito da mu baranda, inda muke ganin teburin ta ƙofa. Shatin haƙora ya fito a damtsenta, biyu sun fasa fata. Ta ɗaure da hankici.

"Kin san za a kaɗa," na ce. "Na ga kin duba agogo."

"Na sani."

"Da gangan kika bari."

"Da gangan. Sau shida ake kaɗa ta a rana. Gara in ga abin da zan tarar kuna nan, da in gani ba ku nan."

Ban ji daɗin amsar ba. Na so ta yi ƙarya in kama ta.

"Zan mayar da ƙarfen bishiyar can baya," ta ce. "Kuma za a riƙa gaya mata kafin a doka. Ko zai yi amfani, sai mun gani."

Yaya tana goge ido da bakin mayafi.

"Kuna da ɗaki na musamman?"

"Ba mu da shi. Kin ga abin da muke da shi, ƙarƙashin tebur."

"Za ta yi magana?"

"Ban sani ba."

"A can sun ce cikin zango ɗaya."

"To ki kai ta can, maman yarinya. Ni ban iya wannan alkawarin ba. Yara talatin da huɗu gare ni da mataimakiya ɗaya. Na taɓa karɓar wani yaro, na riƙe shi wata biyar, na kasa. Na kira uwarsa na gaya mata na kasa. Har yau ba ta gaishe ni."

"To me ya sa za ki ɗauki tamu?" na ce.

"Wa ya ce na ɗauka? Gwadawa zan yi. Awa biyu a rana, wata ɗaya. Ɗayanku ya zauna a bencin waje, ko zan buƙace shi. Takardar likita ina so in karanta, kada ku ce babu, na san akwai. Kuma duk ranar da aka sake ba ta wani abu ban sani ba, ku riƙe 'yarku."

Sai da aka yi rabin awa Ɗigo ta fito da kanta, murfi ja ɗaya a hannunta. Malama ta ce a bar mata.

Yaya ba ta ce ta zaɓa ba. Juma'a ta wuni a kan keken ɗinki. Asabar wayarta ta yi ƙara muna tsakar gida, na ji muryar mai kwat tana fitowa, mai zaƙi: Madam, kujerar 'yarmu na nan, kada wani ya riga ku. Ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Ban ji abin da ta ce masa ba. Da ta fito ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Lahadi na ga ta fita da jaka, ta dawo bayan awa ɗaya. Na duba bayan filas. Na duba cikin kwandon zare. Ban sami komai ba, hankalina kuma bai kwanta ba.

Litinin da safe ta sa wa Ɗigo riga mai tsabta, ta rataya mata ƙaramar jaka. Muka fita mu uku. A ƙarshen layinmu hanya ta rabu. Hagu tashar bas, dama layin masu walda. Yaya ta tsaya. Bas yana tsaye, kwandasta yana kira. Ɗigo tana fizgar hannuna, idonta tar, tana neman turken farko.

"A can wuni za ta yi," in ji Yaya, ba ni take kallo ba. "Da kayan makaranta da komai. Nan awa biyu, a ƙarƙashin tebur."

Na ƙara riƙe hannun Ɗigo.

"Idan matar nan ta kasa fa?" ta ce.

"Za ta faɗa."

Bas ya cika ya tafi. Yaya ta buɗe jakarta, ta ciro takardar likita a ninke, ta dafa min a ƙirji.

"Kai ka jawo, kai za ka zauna a bencin. Ni ina da ɗinkin mutane. Ka je ka gaya wa maigidanka ya nemi wani mai ɓata rai na safe."

Muka yi dama.

Bencin yana ƙarƙashin tagar aji ɗaya. Ban zauna ba. Na tsaya ina leƙe. An ba Ɗigo kujerar ƙarshe, kusa da teburin Malama, da tirenta. Ina bin hannun mataimakiyar, ina bin yaron da ke gefenta, ina bin duk wanda ya motsa. Ɗigo ta juyo. "Kau." Ta sake juyowa. "Kau."

Malama ta fito.

"Kawu, ka janye kanka daga tagar nan. Kai take kallo."

"Ina so in ga abin da ake yi mata."

"Na sani. Tun ranar farko na sani. Amma muddin kana nan ba a aji take ba, a wurinka take. Ɗauki bencin ka koma bayan bangon can. Idan na buƙace ka zan kira."

"Idan ba ki kira ba fa?"

"To ban buƙace ka ba."

Na ɗauki bencin na kai inda ta ce. Daga nan ba a ganin komai sai bango da inuwar bishiya. Na zauna. Ina jin yara suna maimaita ƙidaya, ina jin alli a kan allo. Na duba waya. Minti huɗu. Minti tara.

A minti na goma sha ɗaya ihun ya tashi.

Na miƙe. Taku shida ne zuwa ƙofar, na ƙirga da zan kawo bencin. Na yi biyu. Na tsaya ina jiran in ji an ce Kawu. Ba a ce ba. Na ji muryar Malama ƙasa-ƙasa, ban ji me take cewa ba. Yaran ba su daina ƙidaya ba, sun kai sha bakwai, sha takwas. Ihun ya yi tsawo. Ya karye. Ya sake tashi, bai kai na farko ba.

Na dawo da baya na zauna a bakin bencin, hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Saura awa ɗaya da minti arba'in da wani abu.